Mai Zuba Kujera

A Tomilino, bayan layin dogo,
inda ƙanƙara ke cin takalmi,
shekara talatin da ɗaya ina kwaɓa filasta.

Yau Taisiya ce a cikin baho.
Ta naɗe gwiwa zuwa ƙirji
kamar ɗan da bai iso duniya ba.
Na zuba, sanyi ya ratsa ta,
ta ce, "Kawu Yefim, yi sauri."
Na ce, sauri na roka ne, ba nawa ba.

Kumbon nan ɗaki uku ne.
Na gaba dunƙulalle, nan za ki miƙe ƙafa.
Na baya na goye da mai
da fukafukai biyu masu shan rana.
Su biyun ba sa dawowa;
iska ke ƙone su, ba mai makoki.
Sai na tsakiya, mai siffar ƙararrawa,
da garkuwa a gindi tana cin wuta a madadinki,
da lema a naɗe, ɗinkin wata
da ba ta taɓa jin sunanki ba.

Ni nawa kaɗan ne:
bayanki.
Kwarin kafaɗa, ƙashin da ya karkata hagu
tun faɗuwarki daga keke.
Na bar 'yar rata, don a can mutum tsawo yake ƙarawa.

Ran da ƙasa za ta tarbe ki da duka
a filin Kazakistan,
tafina ne a ƙarƙashinki.

Ta tashi, ta tafi wanka.
Gurbinta na kan tebur,
har yanzu da ɗumi.