Kukan Mota a Cikin Jirgin Fito

Shekara talatin da ɗaya Tormod ke tuƙi,
ni ke riƙe tikiti da gorar shayi.
Yau ni kaɗai na gangara da motar cikin jirgin fito a Oban,
wani yaro mai riga ruwan ɗorawa
yana yi mini hannu: matso, matso, tsaya.
Na ja birkin hannu, na danna makulli,
ta ce ƙit, ta ƙifta fitilu sau biyu.
Na hau sama da jakata.

Da muka bar inuwar tsibirin Mull
sai teku ta murtuke fuska.
Kofuna suka fara yawo a kan tebur ba da iznin kowa ba,
wani ɗan yawon buɗe ido ya rungume bokiti kamar ɗansa.
Can ƙasa, ƙarƙashin ƙafafunmu,
wani abu ya tsala ihu.
Ya yi shiru. Ya sake.
Kare ya amsa masa, tumakin da ke cikin tirela suka karɓa.

Lasifika ta yi gyaran murya, ta karanto lamba.
Na san lambar nan kamar ranar aurena,
amma na ci gaba da juya cokali.
Peigi maƙwabciyata ta dafa gwiwata:
“Ishbel, ba taku ba ce?”
Taku, ta ce.
Wata bakwai ke nan, bakin mutane bai saba da taki ba.

Ba a sauka wurin motoci in jirgi yana tafiya
sai da rakiya. Yaron nan ne, Ruairidh sunansa,
jikan mai gyaran komar kifi a Vatersay.
Matattakala talatin, warin man dizal da gishiri,
sarƙoƙi na gurnani a ƙafafun manyan motoci,
ga tawa a tsakiya, tana ƙyalƙyal da idanu,
tana shaida wa ƙarfe da ruwa an zo sace ta.

“Ba laifinta ba ne,” in ji shi, da ƙarfi don in ji.
“In ta ji ƙasa ta karkace, sai ta zaci ɓarawo ne ya ɗaga ta.
Ba ta san teku ba. Dole a gaya mata tun kafin a kulle.”
Ya buɗe ƙofa, ya haska tocila a jikin ginshiƙi,
daidai kafaɗar direba:
wani ɗan maɓalli, bai kai ƙwayar wake ba.
Zanen da ke kansa ya goge.
Babban yatsa ne ya cinye shi.

Ashe wannan ne.
Duk tsallakawa ni ke fara fita,
in tsaya da jaka, iska na dukana, ina mita:
mutumin nan da nawa yake, me ya rage kuma?
Shi kuwa yana ciki, ya waiga hagu, ya waiga dama,
ya miƙa hannu bayan kafaɗarsa.
Bai taɓa cewa ga abin da nake yi ba.
Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na sa yatsana a gurbin nasa.
Ya yi mini faɗi kaɗan.
Na danna, na rufe, na kulle.
Jirgi ya sake tangaɗi, har na kama hannun yaron.
Motar ba ta ce uffan ba.

A sama shayina ya huce, Peigi ta yi barci da baki buɗe.
Na ari biro wurin mai sayar da abinci,
na rubuta a bayan tikiti: danna kafin ki fita.
Na goge ki, na sake rubuta ki.
Saura awa biyu mu ga fitilun Barra,
kuma ban san inda yake zuba ruwan goge gilashi ba.