Masara da Wake

Ni ne Eliphalet Crouch, magatakardan Dunmarsh,
shekara talatin da ɗaya littafin gari na hannuna.
Shafin farko gishirin teku ya cinye shi.
Na biyu ni na yage.

Mu arba'in da bakwai muka sauka, da akuya uku,
da igwa guda, wadda ta fi mu daraja a idon Kamfani.
Tun ba mu kafa coci ba muka kafa shinge,
gungume jikin gungume, tsini sama,
bakin igwa na kallon ruwa saboda jiragen Faransa.
Faransa ba ta zo ba.
Sanyi ne ya zo, ya kwashi goma sha tara.

Masarar da ta riƙe ran sauranmu
daga rumbun Tawankwet ta fito,
tsohon da ya nuna mana inda kifi ke kwana,
ya ce mu binne ɗaya a gindin kowace shuka.

Shekara ta huɗu, Kyaftin Jabez Orne ya miƙe a zauren taro,
takobinsa na jan ƙasa kamar jelar saniya,
ya ce fadamar bakin kogi
ta yi wa mutanen Tawankwet yawa.
A garinmu ba a ɗaga hannu.
Ƙwayar masara na nufin i, wake na nufin a'a,
kowa ya jefa tasa cikin hula, ya kau da kai.

Ni na ƙirga.
Masara goma sha huɗu. Wake uku.
Ɗaya na Zebulon mai fito ne,
aka ci shi tarar sule biyar don ya ƙi gadi daren nan.
Sauran biyun har yau ban san masu su ba,
na dai san ba ni ciki.

Maza takwas da igiya suka juya igwa,
ta ba teku baya, ta fuskanci tudu.
Mun ci moriyar ganga.
Abin da aka yi da kwaurenta da asuba,
shi ne shafi na biyu.

Yau Dunmarsh na da tashar jiragen ruwa,
Gwamna ya aiko takarda mai jan hatimi,
ɗan Orne ke wakiltarmu a majalisa,
yara na hawan igwa, tsatsa na ɓata musu wando.

Ƙwayoyin nan goma sha huɗu ban zubar ba.
Na shuka su bayan gida da bazarar da ta biyo,
ina fatan ƙasa ta ƙi su.
Suka tsiro duka,
suka fi ni tsawo, suka yi goyo bibbiyu.
Har yanzu irinsu nake shukawa.
Kaji ke ci.