Kukan Fari

A Plovdiv, hawa na huɗu, tagar da ke kallon kogin Maritsa,
kakana Radoslav ya haɗa kwamfuta da hannunsa.
Shekara uku yana tsintar kayanta a kasuwar Lahadi,
ya zaunar da ita cikin akwatin katako
wanda dā ake ajiye zare da allura.

Tana aiki, sai dai ba ta magana.
Ka danna, ta tashi shiru kamar ɓarawo,
ɗan koren haske kaɗai ke shaida ta farka.
To yana ta rufe idon tsoho,
koren nan ya ɓace masa tun bara.
"Tsveta," ya ce, "jaririn da bai yi kuka ba,
ungozoma ba ta wanke hannu."

Ran Asabar na zo da ƙanƙara a takalmi.
Ya baje kaya kan tsohuwar jarida:
ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas kamar kaska,
rizista biyu, kafasita mai ƙaton ciki,
da lasifikar da ya ɓalle daga ƙararrawar ƙofa,
tunda, in ji shi, ba mai zuwa sai ni,
ni kuwa ina da makulli.

Shi ne kai, ni ce ido.
"Karanta min zobban jikinta."
"Ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo."
"Dubu goma," ya ce, bai ko nisa ba.
Dalma ta narke, hayaƙi siriri ya miƙe,
warin ƙaro ya cika ɗaki.
Hannuna na rawa. Nasa, mai shekara talatin a masana'anta,
ya laluba ya kama min tsintsiyar hannu.

Gwajin farko: fas!
Kafasita ta fashe, na juya mata ƙafafu.
Ya yi dariya har da tari:
"Doguwar ƙafa ke bin jar waya, ke da iyayin tsiya!"

Gwaji na biyu ta buɗe baki,
ta ƙi rufewa.
Ihu ba numfashi, kamar an taka wutsiyar mage.
Maƙwabciyarmu ta ƙasa, Gergana,
ta dinga zungurin silin da sandar goge-goge
har na fizge filogi.

Ya yi tagumi, shayinsa ya huce.
"Mun ba ta baki, ba mu ba ta kunya ba.
Ƙaro wata kafasita, ta cika a hankali
kamar tulu a ƙarƙashin famfo.
In ta cika, sai ta ce wa baƙin nan: ya isa."

Na ƙara. Na ƙone ɗan yatsa. Na danna.

Tiiit.

Rabin daƙiƙa. Sai fanka ta ci gaba da huci.

Na zaci mun gama. Ina!
Wai ta yi siriri, sauro ne wannan.
Na sauya rizista, wai yanzu kuma kwaɗo.
Sau huɗu ina cirewa ina liƙawa
har duhu ya sauka kan rufin gidaje,
kafin ya ɗaga hannu ya ce in bar ta haka.
Ya karkata kunne, ya daɗe bai motsa ba.

Na ce, "Muryar kaka ta tuna maka?"
"Kakarki?" ya ce. "Yaushe ta taɓa tsayawa a rabin daƙiƙa?
Ƙyauren gidanmu na ƙauye ne,
wanda ubana ya ƙi sa wa mai
don ya san lokacin da na dawo."

Ya kashe, ya kunna. Ya kashe, ya kunna.
Ina sauka matakala don kada jirgin Sofiya ya bar ni,
a hawa na biyu ma na jiyo ta.

Yanzu ƙarfe bakwai wayata kan yi ƙara.
Ba gaisuwa, ba "kin tashi lafiya?"
Sai motsin kujera, sai lalube,
sai tiiit.
Sannan ya ajiye waya.