'Yar Agege Ba Ta Cin Burodi

A Agege aka binne cibiyata,
unguwar da burodi ya ɗauki sunanta ya zaga duniya,
inda ƙamshin gashi ke riga ladan tashi,
ya bi layin dogo, ya shigo mana ta taga.
Ni kuwa loma ɗaya, jinyar kwana uku:
ciki ya ɗaure kamar ganga,
ƙuraje su feso a gwiwar hannu,
in kwanta ina ƙirga ramukan kwanon ɗaki.

Likita a Idi-Araba ya zare tabarau ya ce,
"Alkama ce. Ku rabu, rabuwa ta har abada."
Na ce, "Taliya fa?" Ya ce, "Ɗiyarta ce."
"Cincin?" "Jikanta."
Da na ambaci funkaso bai amsa ba,
ya dube ni irin duban mai ta'aziyya.

Hambali ya fara zuwa zance ran Laraba,
leda a hannu, tana tururi.
Na karɓa, na yi godiya, na miƙa wa ƙanne.
Sau uku ana haka, ya ɗauka raini ne.
A na huɗu na faɗa masa.
Ya yi dariya,
ya ga ban taya shi ba, ya haɗiye sauran.

Ya ce mu je Ikeja mu ci abinci.
Awa biyu a danfo, gumi ya wanke hodata.
Na buɗe takardar abinci kamar mai karatun wasiyya.
"Da me aka kaɗa miyar nan?
Kazar, an turbuɗa ta a fulawa?
Man da ya soya doya, ya taɓa ganin fanke?"
Yarinyar ta tafi tambayo, ta dawo da harara.
Na teburin kusa suka bar cokali suna kallo.
Farar shinkafa na ci, gaya, da ruwan gora.
Hambali ya dubi kazarsa, ya dube ni,
ya sa a ƙunshe masa ita,
ya ce wai dama yau ba ya jin cin nama.
Ƙarya yake. Na ji cikinsa yana kuka.

Ranar Sallah, gidan Gwaggo Ladidi a Obalende,
faranti bisa faranti:
alkaki na sheƙi, dubulan ya yi layi,
duk dangin maƙiyiyata sun zo da kwalliya.
Gwaggo ta ce, "Iyayi ne na 'ya'yan Ikko.
Mu da muka ci tuwon alkama muka haifi tara?
Ɗan gutsuri ba ya kisa."
Na riƙe kofin zoɓo da hannu biyu
don kada a sami wurin ɗora mini komai.
Ƙin cin abincin Sallah kamar ƙin amsa sallama ne,
ga shi kowa ya ji.

La'asar sakaliya sai ga Hambali,
babbar riga ta sha mai a hannu,
ɗauke da kula da sabuwar tanda.
Ya ce, "Shinkafa ce zalla.
Ban kai inji ba, ban yarda da injin ba,
turmin maƙwabta na ara, na daka da kaina.
Tandar nan jiya na saye ta,
fulawa ba ta san da zamanta ba."
Gwaggo ta riƙe haɓa:
"Namiji da taɓarya? Lallai mun ga Legas."

Wainar ta ƙone a gefe,
tsakiyarta ba ta gama nuna ba,
gishiri ya yi wa sukari fin ƙarfi.
Bakwai na ci.

Da dare na kwanta ina jiran ciwo
kamar mai jiran a ɗauke wuta.
Bai zo ba.
Jirgin ƙasa ya wuce, janareta ya yi shiru,
asuba ta turo ƙamshin nan ta taga.
Na ce, "Sannu, maƙwabci. Gaisuwa dai,
kowa ya tsaya a gidansa."
Na juya, na ci gaba da barcina.