Baki Uku, Waya Biyu

A Ladipo na same shi, bayan layin masu gilas,
cikin kwalin da ruwan sama ya ci gindinsa.
Ikenna ya goge shi da riga, ya aza min a tafin hannu:
bai fi akwatin ashana ba,
baki uku, waya biyu, sunan kamfani a kankare.
"Solinoyid ke nan, Oga. Na asali ba na aljihunka ba ne.
Wannan ƙanensa ne, uwa ce kawai kowa da tasa."
Muka ja ciniki har inuwa ta juya,
ya sallama a dubu sha takwas,
yana rantsuwa ko kuɗin ruwan leda bai ci ba.

Motata tokumbo ce. Ta sha ƙanƙarar wata ƙasa
kafin ta zo shan kwatamin Agege.
Akwai turbo a cikinta, amma numfashinta na kunya ne,
irin na baƙon da aka miƙa wa tuwo
ya ce alhamdulillahi, cikinsa na kuka.

Lamidi ya kwance tsohon, ya kara a kunne, ya girgiza.
Hausarsa ta Agege ce, da yajin Yarabanci:
"Akwai ƙofa a gefen turbo, Tanimu.
Iska ta yi yawa, ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya bi ta baya.
Wannan ɗan abu maigadi ne.
Aikinsa ya yi wa ƙofa ƙarya,
ya ce mata da saura, da saura,
har injin ya cika ƙirjinsa."
Na ce, in ƙaryar ta yi tsawo fa?
Ya shafe baƙin mai a cinyar wando:
"Sai ka koma wurin Ikenna neman injin.
Kaɗan-kaɗan. Ban da haɗama."

Ya ɗaura min agogon iska kusa da sitiyari.
Kwana shida ina neman titi.
Daga Ikeja zuwa Oshodi gosulo ne,
allurar agogo kwance kamar kare a inuwa.
Mai tallan soyayyar ayaba ya wuce ni da ƙafa,
ya dawo, ya sake wuce ni.
Wata danfo ta lashe min madubi, ba ko sannu.

Lahadi bayan asuba na hau doguwar gada.
Babu kowa sai fitilu da ƙarnin ruwa.
Na taka.
Ta yi jim,
sai wani fito siriri ya taso ƙarƙashin bonet,
kujera ta rungumo bayana,
allura ta miƙe tsaye kamar an kira sunanta.
Na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai,
ni mai 'ya'ya uku da bashin haya.
Na tuna da kaɗan-kaɗan.
Na ƙara takawa.

Fuf!

Ƙarfi ya zube kamar an kwance bakin buhu.
Na gangara gefe, gwiwa na kaɗawa,
ina auna kuɗin injin da kuɗin makarantar Zulai,
kowanne ya rinjayi ɗan'uwansa.
Can ƙasa masuntan Makoko na tuƙa kwalekwale,
ba turbo, ba waya, ba maigadi,
suka wuce ni a hankali.

Lamidi ya iso da barci a ido, silifas wari-wari.
Na riga na ɗauko "araha ba ta ado" a kan harshe.
Ya leƙa, ya tsoma hannu, ya tuntsire:
"Maigadi bai yi laifi ba. Tiyo ce ta fice.
Wannan maɗauri ya girmi Zulai."
Na haɗiye karin maganata da yawu.
Naira ɗari biyar, sukudireba, juyi huɗu.
Ya rage wa maigadi tsawon ƙarya, bai tambaye ni ba.

Yau Litinin. Ga ni a Oshodi, giya ɗaya, birki, giya ɗaya.
Mai ayaba ya gane ni, har ya ɗaga min hannu.
Allura na kwance.
Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin wannan bonet
sai ni, sai Lamidi,
sai masuntan nan da ko kai ba su ɗaga ba.