Murfin Ulanbator

Ƙarfe huɗun dare na hau rufin tasha,
numfashina na daskarewa a gashin idona.
Na share ƙanƙarar da ta kwanta kan gilashi,
na kunna lidar, ta yi ɗan nishi,
ta harba koren haske sama, siriri kamar zaren ɗinki.

Aikinta ɗaya ne: ta aika, ta jira.
Hasken ya tafi, ya yi karo da ƙwayar hayaƙi,
ya juyo gida da labari.
Daga jinkirin dawowarsa ake lissafa nisa,
kamar mai jefa tsakuwa rijiya
ya kasa kunne don ƙarar ruwa,
sai dai tamu rijiyar a kife take, gindinta a sama.

A allo ja ya taru ƙasa-ƙasa,
can sai ya yanke kwatsam. Nan ne murfin.
Mita ɗari da tamanin.
Mutum miliyan da ɗoriya a tukunya guda,
duwatsu huɗu sun tokare ta.

Gombosuren ya miƙo min shayin madara mai gishiri,
ya ce jiya ɗari biyu da arba'in ne.
Ban tanka ba.

Daga nan ina hango tudun arewa,
fararen tantuna jere, kowanne da bututunsa.
Ɗaya na mahaifiyata ne.
Na san ta, yanzu ta tashi tana ƙara kwal a murhu
don kada sanyi ya taɓa Anujin,
'yata, mai tari tun Nuwamba.
Hayaƙin da ya ɗumama ta shi ke shaƙe ta,
shi ne kuma ke amsa kirana.
Da iskar garau take,
da hasken ya wuce abinsa, da ƙyar zai waiwayo.

Da hantsi rana za ta ɗan gasa ƙasa,
iska mai ɗumi ta yunƙura ta ɗaga murfin,
ɗari huɗu, ko biyar in an taki sa'a.
A wannan ɗan tsakanin nake buga waya:
Inna, buɗe ƙofa, fito da ita ta sha iska
kafin la'asar a sake rufe mu.

Amma hantsi da saura.
Na zo rubuta lambar a littafi, biro ya ƙi.
Na sa shi a baki, na hura masa ɗumi,
na sake gwadawa.