Daƙiƙa ta Goma Sha Ɗaya

A ɗakin ƙasa na cocin unguwarmu, a Scranton,
inda bututun ɗumi ke tari kamar tsoho,
mu huɗu muke haɗuwa duk daren Laraba
da tsohon kaset, da shayi, da gardama.

Tallan bai cika minti guda ba.
Baƙi-da-fari ne, ya ba shekara sittin baya,
hoton na rawa, yana yayyafi,
wani mai murya kamar ganga yana cewa
a saya wa yaro jirgin ƙasa kafin Kirsimeti.
Ba shi muke saurare ba,
bayansa muke leƙe.

Orval ya ce, tsayar nan.
Ya manna hanci a gilashin talabijin
yana ƙirga: gada biyu, rami ɗaya, layi uku,
dutsen takarda mai hular auduga.
Ya ce shimfiɗar kamfani ce,
irin da ake aika wa manyan kantuna
cikin akwatin katako, da lamba a gindi.
Merle ya ce, ina! Dubi kwanar can,
kamfani ba ya lanƙwasa dogo haka,
tarago zai kife.
Suka baje tsofaffin kundin farashi
masu warin ɓera da damshi.
Shafi ya yage, ba wanda ya sauko.

Ni dai nawa danna maɓalli:
gaba, baya, gaba, baya,
jirgin na leƙowa daga rami yana komawa
kamar ƙadangare mai shakkar rana.

A daƙiƙa ta goma sha ɗaya
na ga saniyar.
Ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, a bakin shinge,
ta jingina da bishiya don ƙafarta uku.
Ta huɗun ni na cire
da haƙorina, ina 'yar shekara biyar,
a ƙarƙashin teburin kicin.
Baba bai ɗaga murya ba.
Ya ɗiga gam, ya ce bari ta jingina,
kowa a garin nan da abin da ya riƙe shi.

Kazimir Wojtas. Ba ya cikin kundin kowa.
Ya fito daga ramin kwal da rabin huhu,
ya koma gina duwatsu da jarida da kwaɓin fulawa
don tagar kantin Brennan,
ladansa dala goma da talotalo ɗaya.
A garin da ya gina, hayaƙi ba ya sa tari,
rami kuwa baki biyu gare shi:
duk wanda ya shiga sai ya fito.

Na ce musu ba ta kamfani ba ce.
Orval ya ce, kawo shaida.
Takarda yake so, mai hatimi.
Na matsa gaba kaɗan-kaɗan,
sai ga hannu daga gefen hoto,
ya shigo, ya murɗa makunni, ya fice.
Ba fuska, ba suna,
hannun riga a naɗe,
ɗan yatsan tsakiya guntu.

Merle ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe.
Tsoho Ignatz, da bai ce uffan ba tun ɗazu,
ya ce, na san hannun nan,
ya taɓa miƙo mini fitila a cikin duhu.

Orval ya jawo littafinsa.
A gurbin da yake sa lambar kamfani
ya tsaya, alƙalami a sama,
ya tambaye ni yadda ake rubuta Wojtas.

Shimfiɗar kanta kuwa, an ce
ranar da aka rufe kantin
aka farfasa ta aka hura murhu.
Katako ne, ya ci da kyau.

Sun tafi. Dusar ƙanƙara ta cinye sawunsu.
Na wanke kofuna, na kashe fitilar sama,
na mayar da kaset farko.
Saniyar na nan a jingine.
Hannun ya shigo.
Wannan karon ban tsayar ba,
na bar shi ya gama aikinsa,
jirgin ya ɗauki kwanar da aka ce ba ta yiwuwa,
bai kife ba.